Ƙunshin amarya a Lekki

Yau Asabar wlh na gaji liƙis. Tun shida na fito daga Agege da kayan lallena a jaka, ƙunshin amarya zan yi a Lekki, can ɗaya gefen Legas. Babbar bas ta BRT zuwa Oshodi, daga nan danfo, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa Obalende. Kan gadar Third Mainland duk sanda na bi sai na leƙa Makoko, gidajen katako a tsaye cikin ruwa, yara na tuƙa kwale-kwale, hayaƙin kifi na tashi, kuma fa kafin ka ƙifta ido ka shiga Ikoyi inda ko karen gida yana da likitansa.

A danfo kwandasta ya ce ma wani bawan Allah mai buhun albasa "aboki matsa", cikin wannan muryar tasu ta raini, mutumin ya haifi kwandastan amma ko uffan bai ce ba. A raina na ce Ɗangote ma ai ɗan Kano ne, matatar mansa na can Ibeju-Lekki, wa ya taɓa ce masa aboki? Ashe sunan na mai gadi ne da mai shayi da ɗan acaɓa. Su kuwa 'yan acaɓan tun 2022 da gwamnati ta hana su aiki a Ikeja da Surulere da Apapa da sauransu, yaran unguwarmu da yawa sun tattara sun koma gida.

Abin da ya tsaya min a rai dai gidan amaryar ne. Hausawa ne fa, har a falo ina jin ana Hausa. Mai gadin dattijo ne, da jin harshensa ka san Basakkwace ne. Na ce Baba ina wuni, ya amsa da fara'a, sai ya sunkuyar da kai ya ce "'yata ki yi haƙuri, ta baya masu aiki ke bi." Na bi ta gefen janareta. Awa biyar ina duƙe kan ƙafar amarya, ƙawayenta na hira ta saman kaina kamar kujera ce ni, ɗaya ta ce mai lalle a miƙo min caja. Ba wanda ya zage ni, kuɗina ma an turo cif har da ƙarin na mota, amma ko sunana ba a tambaya ba.

Na ba ƙanina labari a waya, shi da ke karanta ilimin zamantakewa a jami'a. Wai wani Bajamushe Max Weber ya ce abu uku ke jera mutane, dukiya da daraja da iko, kuma ba dole su haɗu wa mutum ɗaya ba. Na ce wannan kam gaskiya ne, limamin layinmu ko keke bai da shi amma Alhazai durƙusawa suke su gaishe shi. Sai na ce to Weber ɗin ya faɗi wa zai dafa tuwon dare? Dariya kawai ya yi.

Don kuwa gosulo ya riƙe mu, sai tara saura na shigo. Maigidana Baban Ummi ya dawo daga kasuwar Mile 12 tun la'asar, yana kan tabarma da rediyo, ya ce sannu da hanya, yara dai tun ɗazu suke cewa yunwa. Na ajiye jaka na kunna risho, yatsuna duk jan lalle.