Faifan kwamfutar falo ya fara ƙas-ƙas

Talata. Da safe komai lafiya lau. Sakamakon Auta ya fito, ta ci, gida ya kaure da murna, har Umma ta ce a kunna kwamfutar falo a nuna mata hotunan Auta tana rarrafe.

Kun san kwamfutar nan ta daɗe tana nauyi, amma na yau daban ne. Na danna foldar hotuna, ɗan da'irar nan ya kama juyi ya ƙi tsayawa. Da ƙyar rabin hotunan suka fito, sauran fari fat. Na kara kunne a jikin akwatin: ƙas, ƙas, sai shiru, sai ɗan gurnani, sai ƙas kuma. Gabana ya faɗi. Na buɗe Task Manager, mai nuna aikin da kowane sashe na kwamfuta ke yi, aikin faifan ajiya na kan 100%, alhali abin da yake karantawa bai kai megabait ɗaya a sakan ba. Mai lafiya irinsa yana wuce megabait 100 a sakan idan babban fayil yake karantawa. Sauran kayan cikin duk zaune suke, shi kaɗai suke jira.

Ana cikin haka Yaya ya shigo.

"Bairos ne," in ji shi, ko zama bai yi ba. "A yi mata fomatin a huta."

Na ce, "Yaya, bairos ba ya ƙara. Saurara ka ji."

Ya saurara, ya ɗaga kafaɗa. Sai na ɗauko filashina, na kunna manhajar CrystalDiskInfo daga cikinsa, don ba na son in ƙara rubuta komai a kan faifan. Kowane faifai yana riƙe da rahoton lafiyarsa, wanda ake kira SMART, manhajar karanto shi kawai take yi. Shuɗi nake fatan gani. Rawaya ya fito, alamar gargaɗi. Layi mai lamba 5 shi ke ƙirga ƙananan guraben ajiyar bayanai da suka lalace har faifan ya musanya su da na ajiya, kuma ya bar sifili da nisa. Layi na 197 yana ƙirga waɗanda ya yi ƙoƙarin karantawa ya kasa, shi ma akwai. Idona ya sauka kan 199 ina addu'a, domin idan shi ne ya hau, yawanci wayar SATA, wadda ke haɗa faifan da kwamfutar, ce ta samu matsala, a canza ta a wuce wurin. Sifili ne. Waya ba ta da laifi.

Abin da ya tsaya mini a rai, har ya sa nake wannan rubutu da daddare, shi ne abin da ya biyo baya. Muna tsaye sai kwamfutar ta saki. Ƙarar ta ɗauke, hotuna suka cika allo, Umma ta fara dariya tana nuna kumatun Auta. Yaya ya juyo ya dube ni.

"Ka gani? Ta warke. Kai dai ka cika tsoro."

Na ce ba ta warke ba, ta dai fita daga wurin da ya lalace ne. A cikin akwatin nan faya-fayai ne ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti, ɗan hannun da ke karantawa yana shawagi a samansu da tazarar 'yan nanomita kaɗan. In ya zo wuri mai kyau, ya wuce sumul. In ya zo gurbin da ya lalace, ya yi ta komawa yana sake gwadawa, kwamfuta duka ta tsaya jiransa. Shi ya sa yanzu gudu, anjima nauyi. Wannan sakin da take yi lokaci-lokaci shi ya fi ba ni tsoro, don shi ke sa mutum ya ce gobe ma rana ce.

Ya ce, "To tun yaushe take haka, ba ta mutu ba?"

Na ba shi labarin binciken da injiniyoyin Google suka fitar a 2007, bayan sun bi diddigin faifai sama da 100,000. Sun ga cewa wanda ya fara musanya gurabe ya fi lafiyayye yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 fiye da sau 14. Kuma sama da kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu babu wata alamar SMART da suka nuna tukuna. Mu namu har ya yi mana kirki, ya yi gargaɗi.

Ya yi shiru, na ɗauka ya sauko. Sai ya ce, "Shi ke nan, a yi chkdsk ɗin nan mai gyara gurabe, ya gyara su."

A nan muryata ta ɗan tashi, har Umma ta ce, "Kai, yayanka ne fa." Na rage murya, amma ban janye ba. Idan aka sa chkdsk, wato manhajar Windows mai binciken faifai, ya duba gurabe, sai ya bi faifan kaf, gurbi bayan gurbi, awanni yana aiki, kuma duk inda ya lalace nan zai fi daɗewa yana nanatawa. Kamar ka tashi mai zazzaɓi ka ce ya yi gudu don a ga ko yana da sauran ƙarfi. Fomatin kuma sabon tsari kawai zai shimfiɗa a kan fuskar da ta riga ta lalace, ya tafi da abin da muke son ceto. Ƙarfin da ya rage wa faifan nan kaɗan ne, ni a wurin kwafe kaya nake so ya ƙare. Gyara ya biyo baya, in ma akwai abin gyarawa.

"Na ga masu sa shi a firiza," in ji shi, yana murmushi.

Na ce in aka fito da shi raɓa za ta kwanta a kan faya-fayan, daga nan sai dai labari. Ya ɗauki makullinsa ya fita.

Da rana ban ci abin kirki ba. Auta ta tafi wurin ƙawayenta.

Na kashe kwamfutar, na tayar da ita da Linux, wata babbar manhaja da ba Windows ba, daga filashi don kada Windows ya ci gaba da taɓa faifan. Na jona faifan waje na Anti, wanda ya fi namu girma, na sa ddrescue, manhajar kwafe abin da ke kan faifai mai lalacewa zuwa wani. Abin da nake so da manhajar nan shi ne ba ta gardama da gurbin da ya ƙi: wurare masu kyau take fara kwashewa, ta tsallake masu wuya, sai ta gama ta dawo kansu a hankali. Tana kuma rubuta inda ta tsaya, ko aikin ya katse ba sai an koma farko ba. Kwafin da aka saba yi kuwa, fayil ɗaya ya maƙale, komai ya tsaya.

Wajen magariba Umma ta zo ta tsaya a bayana. Ba ta gane lambobin da ke gudu a baƙin allon ba, amma ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Muryar Babanku tana ciki ko?"

Na ce tana ciki.

Tana ciki ɗin, gaskiya na faɗa. Sautukan da aka ɗauka yana ba Auta labari, da takardunsa, duk a faifan nan suke, kuma sai an gama aikin za a ga waɗanda suka fito lafiya. Tun da ta yi tambayar nan jikina ya yi sanyi. Sai na gane abin da ya ɓata mini rai da safe: Yaya na'ura yake kallo, wadda in ta lalace a sayi wata, kuma a kan na'urar yana da gaskiya. Ni kuma abin da ke ciki nake kallo. Da na faɗa masa haka tun farko maimakon lambobi, wataƙila da ba mu ja zancen ba.

Ya dawo da dare, ya leƙo falo. Bai ce komai a kan gardamar ba, ya dai tambaya, "Saura nawa?" Na nuna masa: mafi yawa ya wuce, yanzu tana kan wurare masu wuya, a nan ne ake jan ƙafa. Ya ce gobe zai zo da SSD, sabon samfurin ma'ajiya, tunda shi babu abin da ke juyawa a cikinsa, a ɗora Windows sabo a kai. Na ce to, amma kaya wuri biyu za su riƙa zama daga yanzu, don shi ma SSD yana mutuwa, sau da yawa ma ba tare da wata ƙara ba. Ya ce wannan kuma ni zan riƙe.

Na manna takarda a jikin allon: kada kowa ya kashe, kada a cire waya. Auta, da ke nake, na san kina karantawa.