Romon da na gano a Singafo

Shekara tara ke nan ina riƙe da shagon shayi da soyayyar taliya a Kano, da yara huɗu a ƙarƙashina, kuma duk tsawon wannan lokaci na ɗauka daɗin taliya yana cikin mai da ɗan sinadarin da ke zuwa a leda. A 2023 na raka wana Singafo, inda yake sarin kaya, a can kuma na ci abincin da ya sa na sake lale.

Kasuwannin abincinsu rumfuna ne a jere ƙarƙashin rufi ɗaya, da tebura na kowa da kowa, kuma sun haura ɗari a ƙasar. A Disambar 2020 hukumar UNESCO ta saka wannan al'ada cikin kayan gadon duniya. Abin da ya fara jan hankalina shi ne yawancin masu rumfa abinci ɗaya ko biyu kawai suke sayarwa.

Abincin da na ci wata taliya ce da ake kira Hokkien mee, domin asalinta na 'yan Hokkien ne, wato mutanen lardin Fujian na ƙasar Sin. Da kitsen alade aka saba soya ta, saboda haka sai da muka nemi rumfa mai takardar halal ta MUIS, majalisar harkokin Musulunci ta ƙasar, kafin muka shiga layi. Na tsaya dab da kaskon domin in ga aikin da idona. Mutumin ya fasa ƙwai a mai, ya zuba taliyar alkama ruwan ɗorawa haɗe da farar taliyar shinkafa, ya juya su a wuta mai ƙarfi har suka ɗauki ƙamshin hayaƙi. Daga nan ya kamfato romo da ludayi daga wata babbar tukunya, ya kwarara, ya rufe na ɗan lokaci, sannan ya sa jatan lande. Da ya buɗe, taliyar ta shanye romon, ta yi kauri tana sheƙi. Ya ɗora yajin barkono a gefen faranti da rabin ƙaramin lemon tsami.

Loma ɗaya ta ishe ni in gane cewa aikin na tukunyar ne. Kawunan jatan lande da ɓawonsu ake soyawa, a tafasa su sa'o'i tun kafin a buɗe rumfa, kuma abin da mu za mu watsar a shara shi ne jarin wannan bawan Allah. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, domin na tuna yawan ƙashin kaza da muke zubarwa kullum.

Ɗanyen jatan lande ya fi ƙarfin cinikina, don haka da na dawo sai na koma ga busasshen kirefish na Kasuwar Sabon Gari, da kan kifi da ƙashin kaza da citta. Makon farko gishiri ya yi yawa, har wasu tsofaffin abokan ciniki suka yi ƙorafi, sai na rage sinadarin leda zuwa rabi. Gawayi ya ƙaru a lissafi, tashina ma ya koma kafin kiran assalatu, amma na daina sayar da abinci iri uku da ba su da kasuwa. Yanzu babban yarona ne ke ɗora romon, ni kuma ina ɗanɗanawa bayan sallar asuba, idan na ce ya yi sannan a hura wutar kasko.