Tarin fukan ƙashi a idon sawu: abin da ɗakin tiyata ya koya mana

Mai wannan ciwo yakan iso asibiti bayan watanni yana ɗingishi, an sha ɗaure ƙafar a matsayin targaɗe. Kumburin ba ya da ɗumi sosai in an taɓa, wani lokaci da ɗan rami a gefen dunduniya mai tsiyayar ruwa-ruwa. Ƙashin dunduniya ne cutar ta fi kamawa a ƙafa, kuma sau da yawa babu tari ko kaɗan.

Yanka na farko na gano cuta ne. Kada a dangwalo mugunyar bakin rami, wasu ƙwayoyin sun riga sun cika wurin. A shiga a kankaro nama da ƙashi daga ciki, a raba biyu: kashi ɗaya a fomalin (ruwan adana nama kada ya ruɓe) don duba nama, ɗaya a ruwan gishiri don GeneXpert (na'urar gano ƙwayar tarin fuka) da rainon ƙwayar a ɗakin gwaji. Wanda ya zuba duka a fomalin ya kashe ƙwayar, ba za a san ko tana jin magani ba. Kuskuren nan yana da ciwo, domin sai an sake yanka mutum. A yankin Sahel a tuna da maisitoma, wata cutar mai kumbura ƙafa, ita ma tana huda ƙafa da ramuka. Gwajin HIV kuma wajibi ne.

Magani ke kashe cutar: rifampicin, isoniazid, pyrazinamide da ethambutol na wata 2, sannan biyun farko na wata 10, kamar yadda tsarin Najeriya ya tanada. Aikin wuƙa shi ne fitar da mugunya da mataccen ƙashi, da kankare ramin har jini ya ɓullo.

Inda aka fi sakaci shi ne zaman ƙafar. Saboda raɗaɗi, maras lafiya yakan saki yatsu su kalli ƙasa, jijiyar agara ta tsuke. Ya warke, amma dunduniya ba ta taɓa ƙasa! Tun ranar farko a sa filasta mai tauri irin ta karaya, tafin ƙafa ya tsaya digiri 90 da ƙwauri.

Idan guringuntsi ya cinye, sai a haɗe gaɓar da ƙusoshi, a digiri 90 ɗin nan, dunduniya ta ɗan karkata waje har digiri 5, ƙafa ta juya waje digiri 5 zuwa 10. In dunduniya ta karkata ciki, gefen ƙafa zai riƙa ɗaukar nauyi, fata ta yi kanta, ciwo ya biyo baya. Ba a taka ƙafar sai bayan mako 6 aƙalla, hoto kuma ya nuna ƙashi ya fara kamawa.