Kafin a ce ƙwaƙwalwar mota ta ƙone

Sana'ata wayarin ɗin mota, kuma motocin da suka fi ba ni takaici su ne waɗanda na'urar hana sata ta kulle. Kik na juya inji lafiya lau, mota ta ƙi tashi. Kafin a jawo mini ita an canza fulogi, an canza famfon mai, wani ma ya riga ya ce ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ta ƙone.

Haka aka kawo mini wata Corolla 'yar Kwatano. Ban buɗe bonet ba, sai na zauna a kujerar direba na zura makulli ina kallon 'yar jar fitilar tsaro. A Toyota, da zarar motar ta gane makullinta fitilar nan take daina ƙyaftawa. Wannan ba ta daina ba. Na jona na'urar gwaji, ta ba ni lambar matsala B2796, wato motar ba ta jin amsar makulli.

Na ce, "Alhaji, an taɓa makullin nan kwanan nan?"

Ya ce robar kansa ce ta fashe, yaronsa ya kai aka sa sabuwa.

A cikin robar nan akwai ɗan cif da bai fi ƙwayar wake ba. Ba ya amfani da batir, batirin da ke ciki na rimot ne kawai, kuma nan mutane da yawa ke ruɗewa. Zoben wayar da ya kewaye ramin makulli shi ke ba cif ɗin wuta ta iska, shi kuma ya mayar da lambar sirrinsa. In lambar ba ta zo ba, ƙwaƙwalwa ba za ta bari inji ya kama ba. Allah Ya taimaka yaron bai yar da tsohuwar robar ba. Cif ɗin na maƙale a lungunta. Muka mayar da shi, mota ta tashi bugu ɗaya.

Ba kullum ake samun sauƙi haka ba. In makulli lafiya yake, nakan auna batir da fiyus, in duba zoben da wayoyinsa, musamman a motar da aka taɓa cusa wa ƙararrawar kasuwa aka yayyanka waya. Wanda kuma ya sayo ƙwaƙwalwa a Ƙofar Ruwa ya ɗaura, yakan ci karo da B2799, don ba ta san akwatin tsaron motar, wanda ke tantance makulli, ba. A tsofaffin Toyota da yawa, haɗa ƙafa ta 4 da ta 13 a soket ɗin da ake jona na'urar gwaji, a bar makulli a kunne minti 30, yakan sa su gane juna. Sai dai a sa caja, kada batir ya mutu a tsakiya.

Masu cewa a cire na'urar hana sata baki ɗaya, raina ba ya son aikin nan, don duk wanda ya yanko ƙarfen makulli zai tafi da motar. Sabon makulli kuwa, ba na yi wa kowa rajistarsa sai na ga takardun mota da sunansa a kai.