Soda mai zafi, yuriya mai sanyi

Gwaggona da ke Daura ta fi shekara 20 tana haɗa sabulu a gida, kuma duk ranar da za ta jiƙa soda sai ta kori yara daga tsakar gida tukuna. Takan zuba ruwa a babbar roba, ta ɗaure hannunta da leda, sannan ta riƙa barbaɗa sodar kaɗan-kaɗan tana juyawa da doguwar sanda. Kafin ta gama, tururi ya fara tashi, gefen robar kuma ya yi zafin da ba a iya dafa shi. A hutun da ya wuce na matsa kusa ina kallo, sai ta ce, "Kai ɗan nan, ja da baya, soda wuta gare ta a ciki." Na ce, "To Gwaggo, takin yuriya fa, ƙanƙara gare shi a ciki?" Ta yi dariya, ta ce wannan kuma sai ku 'yan boko.

Da gaske na yi tambayar. Duk manomin da ya taɓa narka yuriya a bokiti ya san cewa ruwan yakan yi sanyi har hannu ya ji, ko da kuwa a tsakiyar bazara ne. Na daɗe ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata makarantar sakandare a Katsina, kuma ban sami ƙofar shiga darasin makamashi da ta fi waɗannan abubuwa biyu ba, domin kusan kowane ɗalibi ya taɓa ganin ɗayansu a gida ko a gona.

An auna abin. Giram 40 na soda, idan ya narke a ruwa mai yawa, yana fitar da zafi kimanin kilojul 44 (kilojul ma'aunin makamashi ne). Lita 1 ta ruwa kuwa tana buƙatar kilojul 4.2 kafin zafinta ya ƙaru da digiri 1, saboda haka kilo 1 na soda a lita 5 zai ɗaga zafin ruwan da fiye da digiri 40, wato ruwan rijiya ya koma wanda zai iya ƙona fata, ban da cin da sodar kanta take yi wa jiki. Yuriya kuwa zuƙewa take yi: giram 60 yana shan kusan kilojul 15, kilo 1 a lita 5 zai sauke zafin ruwan da kimanin digiri 10.

Maganar Gwaggo ba ta yi nisa da abin da ɗalibaina suke rubutawa a jarrabawa ba. Da yawansu sun ɗauka makamashi yana ajiye ne a cikin sinadari kamar kuɗi a asusun ƙasa, da zarar an fasa sai ya zubo. Lamarin ya fi kama da ciniki. Raba ƙwayoyin da suke manne da juna kashe makamashi ne a kullum, babu riba a wannan mataki ko kaɗan. Ana samun makamashi ne a lokacin da sabon ɗauri ya ƙullu tsakanin ƙwayoyin. A robar Gwaggo, ƙwayoyin ruwa suna kama na soda da ƙarfi ƙwarai, abin da aka samu ya zarce abin da aka kashe wajen rabawa, sai rarar ta fito a matsayin zafi. A bokitin yuriya an kashe fiye da abin da aka samu, sai aka cike giɓin daga zafin ruwan, da na bokitin, da na hannun mai juyawa. Wannan rara ko giɓi shi ne masana suke kira canjin entalfi.

A shekarar 1840 Germain Hess, wani masanin sinadarai a Rasha, ya nuna cewa jimillar wannan zafi ba ruwanta da hanyar da aka bi, mafari da ƙarshe kawai take dubawa. Wanda ya hau hasumiyar Gobarau a tashi ɗaya da wanda ya tsaya ya huta a tsakiya, tsawo ɗaya suka hau. Gawayin kurfoti shi ne misalin da na fi so. Giram 12 na kabon, wato sinadarin da gawayi ya ƙunsa, idan ya sami isasshiyar iska ya ƙone sarai ya zama kabon dayoksaid, yana ba da kilojul 393.5. Idan iskar ta yi ƙaranci, ƙonuwar takan tsaya a rabin hanya, a sami kabon monoksaid. Auna zafin wannan rabin hanya kai tsaye yana da wuya, domin kullum iskar biyu a gauraye suke fitowa, amma ana iya ƙona kabon monoksaid shi kaɗai, kuma yana ba da kilojul 283. A cire 283 daga 393.5, saura 110.5, wanda shi ne zafin matakin farko. Shuɗin harshen wuta da ake gani yana wasa a saman garwashi, mataki na biyun ne yake faruwa a gaban idonmu.

Waɗannan alƙaluma suna da magana a kan wata al'adarmu ta lokacin hunturu. Wanda ya shiga ɗaki da kaskon gawayi ya rufe ƙofa da taga, a hankali yana tura gawayin zuwa matakin da bai kai kashi 1 cikin 3 na cikakken zafinsa ba, sannan yana cika ɗakin da kabon monoksaid, iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi.

A ƙarni na 19, manyan masana biyu, Julius Thomsen na Danmak da Marcellin Berthelot na Faransa, sun yi zaton cewa duk haɗuwar sinadarai da take faruwa da kanta dole ta zama mai fitar da zafi, kamar yadda ruwa yake bin gangara. Zato ne mai daɗin ji, kuma ina ganin mu malamai har yanzu muna barin ɗalibai su fita aji da shi, saboda mukan tsaya a kan haddar "mai fitar da zafi" da "mai shan zafi" mu wuce. Amma bokitin yuriya ya isa ya rushe shi, tunda babu wanda ya tilasta wa takin narkewa, kuma ga shi yana shan zafi.

Akwai lissafi na biyu da zaton nasu bai sa a ma'auni ba, wato warwatsuwa, wadda Rudolf Clausius na Jamus ya sa wa suna entirofi a 1865. Idan uwargida ta zuba turaren wuta a kasko, hayaƙin yakan bazu ya cika gida, kuma ba a taɓa ganin ya tattaru ya koma cikin kaskon ba, saboda hanyoyin da ƙwayoyinsa za su iya zama a warwatse sun ninka hanyoyin zama wuri ɗaya ninkin ba ninki. Ƙwayoyin yuriya a buhu a jere suke cikin tsari, a ruwa kuwa kowace ta sami sarari. Wannan ƙaruwar warwatsuwa ce take biyan bashin zafin da aka zuƙa. Josiah Willard Gibbs na Jami'ar Yale da ke Amurka, a rubuce-rubucensa na tsakanin 1875 da 1878, shi ya haɗa lissafin biyu wuri ɗaya: a ninka canjin entirofi da zafin wurin a ma'aunin Kelbin (wato digirin da muka saba da shi a ƙara masa 273), a cire abin da ya fito daga canjin entalfi, idan sakamakon ya faɗi ƙasa da sifili to haɗuwar za ta iya tafiya da kanta. Kalmar "iya" tana da nauyi a nan, domin lissafin bai faɗi yaushe ba. Buhun gawayi yakan shekara a shago, iska tana kewaye da shi, bai kama ba sai an kawo ashana.

Abin da ya fi burge ni a ƙa'idar Gibbs shi ne yadda zafin wuri yake iya juya hukunci. Dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato domin yin siminti, yana buƙatar kilojul 178 a kan kowane giram 100 kafin ya rabu ya saki kabon dayoksaid. Sakin iskar yana ƙara warwatsuwa da kimanin jul 160 a kan kowane digirin Kelbin (jul 1,000 ne kilojul 1). A zafin Katsina na digiri 30, wato Kelbin 303, wannan bai wuce kilojul 49 ba, ya gaza 178 nesa ba kusa ba, shi ya sa dutsen yake zaune lafiya a ƙasa. Sai an kai wajen Kelbin 1,110, kusan digiri 840, sannan ɓangaren warwatsuwa ya kamo ɓangaren zafi, kuma masu ƙona dutsen sukan kai wutarsu kusan digiri 900.

Kilojul 178 ɗin nan ba su ɓata ba. Giram 100 na dutse yana barin giram 56 na ƙonanniyar farar ƙasa, wadda idan aka zuba mata ruwa takan yi huci ta fitar da kilojul 65, har ruwan ya iya tafasa. Idan aka shafa ta a bango kuma, sai ta riƙa shan kabon dayoksaid daga iska a hankali cikin kwanaki da makonni, tana komawa sinadarin dutsen da ta fito daga gare shi, tana sakin kilojul 113 a kan hanya, zafin da babu hannun da zai ji shi saboda sannu-sannu yake fita. A aji nakan rubuta 65 da 113 a allo, in ba ɗalibi ɗaya alli ya tara su.