Garin da aka ɗauke wa makaranta

Aiki ya kai ni wani ɗan ƙaramin garin manoma a jihar Arkansas ta Amurka, inda ake noman shinkafa da waken suya. Makarantar garin na nan tsaye, amma a kulle. Allon da ake rubuta sakamakon wasa a filin ƙwallo ya yi tsatsa, ciyawa ta cinye wurin zaman 'yan kallo.

Wani dattijo ya ce mini tun da jihar ta yi dokar da ta tilasta wa gundumar makarantu (hukumar da ke gudanar da makarantun wani yanki) mai ɗalibai ƙasa da 350 haɗewa da wata, aka fara kwasar yaransu a bas tun da asuba zuwa makarantar wani gari.

Hujjar gwamnati ba ta banza ba ce. Makaranta mai yara ƙalilan ba ta iya riƙe malamin kimiyya. A 1940 Amurka na da gundumomin makarantu sama da 117,000, yau ba su kai 14,000 ba.

Sai dai lissafin bai haɗa da garin ba. Malamai sun ƙaura, mai shagon abinci ya bi su, matasa masu yara ba sa sayen gida a nan. Kuma harajin gonakinsu har yanzu suna biya, ga gundumar da a majalisarta ƙuri'unsu ba sa kai kowa ko'ina.