Harafi ɗaya a takardar shaidata

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa katin shiga masana'anta da makullin akwatin kayan aiki, bayan shekara bakwai. Abokan aikin dare sun haɗa kuɗi sun sayo abinci. Manaja bai leƙo ba, ni ma ban sa rai ba.

Tun da labari ya bazu, samari biyu cikin 'yan uwanmu da ke nan jihar Ohio a Amurka suka tare ni a masallaci da tambaya ɗaya: karatun shekara biyu na fasahar lantarki a kwalejin al'umma yana mayar da kuɗinsa? Mutanen gida su ɗauke shi kamar ND, sun yi kusa da juna. Na ce musu yana mayarwa, da wuri ma. Kuɗin makarantata bai kai dala 5,000 a shekara ba, kuma tallafin Pell na gwamnatin tarayya, wanda ba a biyan sa daga baya, ya ɗauke mafi yawansa. Na fita ba bashin kowa a wuyana, na bar ɗaukar kwali a sito na koma gyaran injina da PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa injinan masana'anta. Ma'aikacin awa idan ya haura awa 40 a mako, kowace awa ta sama ana biyan ta ɗaya da rabi. Akwai shekarar da obataim kaɗai ya rufa wa mahaifiyata ɗaki a Kano.

Inda na yi asara a ranar rajista ne. Takardar iri biyu ce, AS da AAS. Matar da ke ba ɗalibai shawara ta tambaye ni ko aiki nake so da wuri, na ce ƙwarai. Wa zai ce a'a alhali kuɗin haya na jiran sa? Ta rubuta ni a AAS, ban ƙara tambayar komai ba. Ashe AS ita ce aka tsara don mai niyyar wucewa jami'a, AAS kuwa don mai shiga aiki kai tsaye. Lissafi da fiziks ɗin da aka koya mana a kan aljabara aka gina su, su kuma masu digirin injiniya a kan kalkulas suke ginawa tun shekarar farko. Hatta ABET, hukumar da ke tantance irin waɗannan karatuttuka, kwamiti daban ta ware wa fasahar injiniya, daban kuma ga injiniya zalla.

Ban san zafin wannan ba sai a shekarata ta huɗu. Manajanmu ya kira ni ofis ya ce kujerar injiniyan kula da layin sarrafa kaya za ta buɗe, kuma ba shi da wanda ya fi ni sanin layin. Wata takwas ina riƙe da aikin a kan albashina na da. Ni ake bugo wa waya ƙarfe biyu na dare idan motar da ke juya injin ta ƙone ko firikwensin ya daina gani. Rannan sai ga wani yaro da ya gama digirin shekara huɗu, aka ce in zaga da shi. Ni na nuna masa yadda ake kulle makunni a rataya alama kafin a sa hannu cikin fanel. Bayan wata uku shi ke sa hannu a takardar hutuna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da na tunkari manajan, ya ce ofishin ma'aikata ne ya ƙi, wai takardata ba ta kai ba. Ya san da haka tun ranar da ya yi mini alkawari, don shi ya rubuta sharuɗɗan kujerar. Yaron dai ba ruwansa, har yau muna gaisawa.

Da haushin nan na ɗauki sakamakona na kai jami'a. Cikin kiredit sittin da 'yan kai da na tara, ko rabi ba su karɓa ba. Wanda ya duba takardun ya ce da shirin digirin fasaha na nema da an ɗauki mafi yawa, amma na injiniya sai na koma kusan farko. Na zauna cikin mota a wurin ajiye motoci na fi rabin awa ban tayar ba.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Alkawarin da ba a rubuce yake ba, hira ce. Da na san da koyon sana'a na IBEW, ƙungiyar ma'aikatan lantarki, inda ake biyan mutum yana koyo har kusan shekara biyar, da na auna shi kafin in shiga aji. Kada kuma albashin injiniya ya ruɗe ka: yawancinsu ba a ba su obataim, akwai watannin da na fi yaron nan kai kuɗi gida.

Sabon wurin da zan koma sun yarda su biya wani ɓangare na kuɗin karatu, kuma wannan karon na sa an rubuta a takardar ɗaukar aiki. Ranar Litinin da yamma zan fara kalkulas na ɗaya. Ɗan maƙwabcina, wanda na taɓa kai wa makarantar firamare a motata, ajinmu ɗaya.